Kafireton Babur da Hanyoyin Daji: Awon Mai da Iska

Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiya



Gabatarwa

An nemi mu yi bayani a kan babur da yadda ake daidaita shan mansa, musamman babur ɗin da ke bin hanyar da ba kwalta, wato burji da turɓaya da yashi da laka da hawan dutse. Mai yiwuwa wani ya ce wannan zance na bakin gareji ne. To, amma babur ne ke kai mai naƙuda asibiti cikin dare, shi ke kai taki gona, shi ke kai malami makarantar ƙauye, kuma da shi magidanta da dama ke samun na cefane. Idan ya mace wa mutum a tsakiyar daji da rana tsaka, ko injinsa ya kama tun ba a gama biyan kuɗinsa ba, asarar takan shafi gida gaba ɗaya.

Abin da muke so a tafi da shi daga wannan zaure shi ne: kafireto ma'auni ne, aikinsa auna fetur daidai da iskar da ta shigo inji. Ita kuwa iska takan sauya gwargwadon bisan wuri da zafi da danshi da ƙura. Saboda haka awon da ya yi daidai a wani wuri kan iya saɓawa a wani wurin, kuma tauye wa inji mai ya fi ƙara masa haɗari nesa ba kusa ba.

Yadda kafireto ke aiki

A shekarar 1738 wani masanin lissafi mai suna Daniel Bernoulli ya bayyana cewa idan ruwa ko iska suka ƙara gudu, matsinsu yakan ragu. A 1797 Giovanni Battista Venturi na ƙasar Italiya ya nuna yadda hakan ke faruwa a cikin bututun da aka tsuke tsakiyarsa. A kan wannan ilimi aka gina kafireto. A 1893 Wilhelm Maybach na Jamus ya ƙera kafireto mai fesa mai ta ƙaramar kafa, kuma a wannan shekara wasu injiniyoyi biyu na ƙasar Hangari, Donát Bánki da János Csonka, suka yi rajistar irinsa.

Idan fistin ya sauka, yakan zuƙo iska ta cikin maƙogwaron kafireto. Da yake maƙogwaron a tsuke yake, sai iskar ta ƙara gudu, matsinta ya ragu, ta tsotso fetur daga ɗan ƙoƙon da ke ƙasa. Fetur ɗin yana bi ta wasu ƙananan kafofi da aka huda a jikin tagulla, waɗanda kanikawa ke kira jet. A cikin ƙoƙon akwai fulot, wani abu mara nauyi da ke iyo a kan man, yana toshe hanya idan ƙoƙon ya cika, yana buɗewa idan ya ragu. Babu famfo, babu lantarki a wannan aiki; iska ce kaɗai ke jan man.

Masana sun auna cewa kafin fetur ya ƙone ƙurmus, kowane kilo 1 nasa yana buƙatar iska kilo 14.7. Idan aka juya lissafin, lita ɗaya ta fetur tana buƙatar iska kimanin lita 9,000. Daga cikin iskar nan kashi 21 cikin 100 ne kawai oksijin, wato sinadarin da wuta ke ci da shi. Inji yakan fi ba da ƙarfi idan man ya ɗan rinjayi wannan awo, kamar kilo 1 ga iska kilo 12 da rabi zuwa 13.

Domin sauƙin bayani, bari mu aro kalmomin masu damun kunu. Idan mai ya yi yawa, za mu ce haɗin ya yi kauri. Idan iska ta yi yawa, za mu ce haɗin ya tsinke.

Ƙofofin mai da rabon aikinsu

Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗaukar cewa noti ɗaya ke tafiyar da komai. A haƙiƙa kowace ƙofa da iyakar mulkinta, kuma abin da ke raba musu aiki shi ne yawan murɗa totur, ba gudun da babur ke yi ba.

Ta farko ita ce ƙaramin jet, wanda ake kira jet ɗin silo. Shi ke ciyar da inji daga lokacin da totur ke sake har zuwa kusan rubu'insa. Yana da ɗan noti na daidaitawa a jikin kafireto, kuma a nan ake yawan ruɗewa, domin notin iri biyu ne. Idan yana ɓangaren da iska ke shigowa, wato wajen matatar iska, notin iska ne: in an kwance shi, haɗin ya tsinke. Idan kuwa yana ɓangaren inji, notin mai ne: in an kwance shi, haɗin ya yi kauri. Akan ɗaure shi a hankali har ya zauna, ba tare da matsawa ba, sannan a kwance shi zagaye ɗaya da rabi zuwa biyu, a ci gaba da gyarawa da rubu'i-rubu'in zagaye har a ji silo ya daidaita. Idan sai an kai ƙasa da zagaye ɗaya ko sama da uku kafin inji ya natsu, alama ce ta cewa jet ɗin ya toshe ko girmansa bai dace ba. Akwai kuma wani noti dabam mai ɗaga silo ko sauke shi. Wannan ba ya taɓa awon mai, saboda haka kada a haɗa su.

Ta biyu ita ce allura. Wani ɗan ƙarfe mai hawa da sauka kamar ƙyaure ne ke riƙe da ita, kuma wayar totur ce ke jansa. Allurar tana da kauri a sama, tana sirancewa zuwa ƙasa, don haka duk sa'ad da ta ɗaga sai hanyar mai ta ƙara buɗewa. Ita ke mulki daga rubu'in totur zuwa kashi uku cikin huɗu, kuma a nan mai bin hanyar daji ke yin mafi yawan tafiyarsa. Allurori da yawa suna da tsaga biyar a kansu, da ɗan maƙali da ake sawa a ɗaya daga ciki. Idan aka sauko da maƙalin zuwa tsagar ƙasa, allura ta ɗaga, haɗi ya yi kauri. Idan aka hau da shi sama, allura ta nutse, haɗi ya tsinke. Wannan juyin yana rikita hatta waɗanda suka daɗe a sana'ar.

Ta uku ita ce babban jet, wanda ke karɓar aiki daga kashi uku cikin huɗu zuwa ƙarshen totur. A jikinsa akwai lamba. A kafireton kamfanin Keihin na Jafan lambar tana nuna faɗin kafar: lamba 100 kusan milimita 1 ke nan. Shi kuwa kamfanin Mikuni, a jet ɗinsa mai kusurwa shida, lambar tana nuna yawan man da ke wucewa ne. Ashe ke nan lamba 120 ta wannan ba ɗaya take da lamba 120 ta wancan ba, kuma wanda ya sayi jet da lamba kawai, bai dubi kamfani ba, ya yi cinikin biri a sama.

Ta huɗu ita ce cok, wanda ke ƙara kaurin haɗi domin tayar da inji mai sanyi, saboda fetur ba ya saurin zama tururi a jikin ƙarfe mai sanyi. Da zarar inji ya ɗumama sai a mayar da shi.

Yadda iska ke sauyawa

Da farko akwai bisan ƙasa. Duk hawan mita 1,000 iska takan rage nauyi da kusan kashi 10 cikin 100. Kano tana bisa teku da kimanin mita 480, Jos kimanin mita 1,200, tsaunin Mambila kuwa a Jihar Taraba ya haura mita 1,500. Babur ɗin da aka daidaita a ƙasa, idan ya hau Gembu, iskar da zai samu ta ragu, jet ɗinsa kuwa yana nan yadda yake, sai haɗin ya yi kauri, ƙarfi ya ragu, fulogi ya yi baƙi. Mazaunin irin wannan wuri yakan rage babban jet da mataki ɗaya ko biyu. Hatsarin yana wajen saukowa: babur ɗin da aka rage wa jet domin tsauni, idan ya gangaro kwarin Binuwai ba a mayar masa da nasa ba, haɗinsa zai tsinke, inji ya ɗauki zafi.

Na biyu akwai zafi da sanyi. Iska mai zafi ba ta kai mai sanyi nauyi ba. Tsakanin safiyar hunturu mai digiri 15 da tsakar ranar bazara mai digiri 40, bambancin ya kai kusan kashi 8 cikin 100. Saboda haka haɗi yakan tsinke da sanyi, ya yi kauri da zafi. Danshin damina ma yana ƙara masa kauri kaɗan, domin tururin ruwa yana cin gurbin oksijin.

Na uku akwai ƙura, wadda ita ce babbar abokiyar gabar babur a hanyoyinmu. Idan matatar iska ta toshe, inji yakan sha mai fiye da ƙima, tamkar an bar cok a ɗage. Wasu sukan cire matatar su yar, su ji babur ya sake, su yi murna. Abin da ya faru shi ne haɗin ya tsinke, kuma ƙura ta samu ƙofa tana shiga tana goge ringi da silinda kamar yadda dutsen wasa ke cin wuƙa. Matata ta soso akan wanke ta, a shanya ta bushe, a shafa mata mai kaɗan, a matse rarar. Ta takarda kuwa ba a wanke ta. In ta gaji sai a sake sabuwa.

Na huɗu akwai yashi. Tafiya cikin yashi mai zurfi tana sa inji aiki tuƙuru da cikakken totur alhali gudu kaɗan ne, iskar da za ta sanyaya shi kuma ba ta isa. Shi ya sa masu tseren rairayi sukan ƙara babban jet da mataki ɗaya, domin rarar man tana taimakawa wajen sanyaya fistin.

Masu tseren baburan daji a Turai da Amurka da Jafan sun daɗe da sanin wannan, har littattafan da kamfanoni ke bayarwa tare da irin waɗannan babura suna ɗauke da jadawalin jet gwargwadon bisan wuri da zafinsa. Gasar Faris zuwa Dakar ta farko, wadda Thierry Sabine ya shirya, ta tashi ranar 26 ga Disamba, 1978, ta ratsa Aljeriya da Agadas a Nijar da Mali, ta isa Dakar ranar 14 ga Janairu, 1979. Daga cikin ababan hawa 182 da suka tashi, 74 ne suka kai. Cyril Neveu ne ya yi nasara a kan Yamaha XT500, babur mai silinda ɗaya da kafireto. Daga 2009 zuwa 2019 an yi gasar a Kudancin Amurka, inda wasu hanyoyin suka haura mita 4,000, wurin da iska ta ragu da kusan sulusi. Daga 2020 kuma aka mayar da ita Saudiyya. Ka'idar da ta yi aiki a kan waɗancan babura ita ce ke aiki a kan na ɗan ƙauye mai kai buhu kasuwa.

Alamomin da inji ke nunawa

Hausawa na cewa labarin zuciya a tambayi fuska. Fuskar inji ita ce fulogi. Idan bakinsa ya yi ruwan ƙasa mai haske, awo ya yi daidai. Idan ya yi baƙi da busasshen kunkunniya, haɗi ya yi kauri. Idan ya yi fari fat ko ya nuna alamar ƙuna, haɗi ya tsinke, kuma a tsaya a duba tun wuri. Idan baƙin mai maiƙo ne, to baƙin mai ke shiga ɗakin wuta, kuma wannan ba laifin kafireto ba ne. Sai dai a lura: tun da aka daina sa darma a fetur, abin da Majalisar Ɗinkin Duniya ta sanar da kammaluwarsa a duniya baki ɗaya a watan Agustan 2021, launin fulogi bai cika fitowa sosai kamar da ba. Don haka a haɗa shaidar ido da ta kunne.

Haɗi mai kauri yakan sa inji ya riƙa sarƙewa kamar mai tari, salansa ta fitar da baƙin hayaƙi da warin ɗanyen mai, kuma babur ya fi lafiya da sanyin safiya. Haɗin da ya tsinke kuwa yakan sa inji ya shaƙe idan an murɗa totur da sauri, silo ya ƙi sauka bayan an saki totur, salansa ta riƙa harbi a gangara, a kuma ji ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani lokacin hawa. Akwai gwaji mai sauƙi: a ɗan ja cok bayan inji ya yi zafi. In babur ya ƙara lafiya, mai ne bai ishe shi ba. In ya ƙara sarƙewa, man ya riga ya yi yawa.

Wanda ke son sanin halin babban jet sai ya sa fulogi mai tsabta, ya sami miƙaƙƙiyar hanya da ba jama'a, ya ba babur cikakken totur a babbar giya na ɗan lokaci, sannan ya kama kuloci ya kashe inji nan take ba tare da ya bar shi ya yi silo ba. Launin da ya gani a lokacin shi ne shaida.

Tsarin aiki

Kafin a taɓa jet ko allura, a tabbatar sauran sassa lafiya suke. A duba matatar iska. A duba robar da ta haɗa kafireto da inji, domin in ta tsage iska za ta riƙa satar hanya, haɗi ya tsinke. A duba fulot: in ya bar mai ya hau da yawa, kafireto zai yi yoyo, in ya tsayar da shi ƙasa, inji zai yi yunwa. A tsiyaye ƙoƙon a ga ko akwai ruwa ko datti, musamman ga mai sayen man kwalba a hannun 'yan bumburutu. Ba a manta ba, a watan Fabrairun 2022 an shigo Nijeriya da fetur mai sinadarin metanol fiye da ƙima, injuna suka wahala. Sau da yawa abin da ake zaton kuskuren awo ne, datti ne kawai.

Kada a soka waya ko allurar ɗinki a cikin jet. Tagulla tana da taushi, kuma lissafin ba shi da sassauci: idan faɗin kafa ya tashi daga milimita 1.00 zuwa 1.10, filinta ya ƙaru da kashi 21 cikin 100. A wanke shi da mai, a hura masa iska, a ɗaga shi a ga haske ta ciki.

Bayan haka a bari inji ya ɗumama, a fara da silo, a koma allura, a ƙare da babban jet. A sauya abu ɗaya kawai a kowane gwaji, da mataki ɗaya, a kuma rubuta abin da aka yi a ɗan littafi, tare da yanayin ranar. Wanda ya sauya abu uku a lokaci guda, ko ya dace ko ya ɓata, ba zai san dalili ba. In ana shakka tsakanin lamba biyu, a ɗauki babbar. Kuma a yi wannan aiki a fili, nesa da wuta da sigari, domin hayaƙin salansa a rufaffen ɗaki yana kisa ba tare da an ji warin gubarsa ba.

Ga masu inji mai bugu biyu, wato wanda ke ƙona baƙin mai tare da fetur, akwai ƙarin lura. Idan aka ƙara yawan baƙin man da ake gaurayawa a tanki, alal misali daga kashi 1 cikin 50 zuwa 1 cikin 32, fetur ɗin da ke wucewa ta jet yakan ragu kaɗan, haɗi ya ɗan tsinke. A tsaya a kan awon da kamfani ya faɗa.

Tarkon rage shan mai

Tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin fetur, farashin lita ya tashi daga ƙasa da Naira 200 zuwa sama da Naira 500 cikin 'yan kwanaki, ya kuma ci gaba da hawa bayan nan. Ba abin mamaki ba ne mai babur ya je wa bakanike ya ce a rage masa shan mai. Bakanike kuma, don ya faranta masa, sai ya nutsar da allura ko ya sa ƙaramin jet. Kwana biyu mai babur zai ga kamar ya ci riba. Amma baburanmu iska ce ke sanyaya su, fistin kuma da alminiyam ake yinsa, wanda ke narkewa a kusan digiri 660. Haɗin da ya tsinke, ga kaya, ga yashi, ga zafin bazara, yakan ƙona bawul, ko ya huda fistin, ko ya sa inji ya kama ana cikin tafiya, wanda hakan kan iya kayar da mutum. Garin neman gira sai a rasa ido. Haɗi mai kauri iyakarsa ya ɓata fulogi ya ci kuɗin mai. Haɗin da ya tsinke inji yake ci.

Mai son rage kashe kuɗi yana da hanyoyi marasa haɗari: tsabtar matatar iska, isasshiyar iska a taya, shafa wa sarƙa mai da ɗaure ta daidai, gyara burkin da ke riƙewa, toshe yoyon tiyo, rufe famfon tanki idan an ajiye babur, da rage lodi.

Kammalawa

Duniya tana ƙaura daga kafireto zuwa na'urar fesa mai wadda ƙaramar kwamfuta ke sarrafawa, tana auna iska da zafi tana gyara awo da kanta. Suzuki ya sa ta a babur ɗin tserensa RM-Z450 na 2008, Honda ya bi baya a CRF450R na 2009, kuma dokar hayaƙi da Indiya ta fara aiki da ita a watan Afrilun 2020 ta sa galibin sababbin baburan cikin ƙasar suka koma kanta. Duk da haka, mafi yawan baburan da ke bin hanyoyin ƙauyukanmu masu kafireto ne, kuma falalarsa ita ce ana iya kwance shi a gindin bishiya da sukuddireba da sufana.

Muna kira ga masu babura da su koyi karanta fulogi da sauraren inji, su kuma daina tilasta wa bakanike yin abin da ya san ɓarna ne. Muna kira ga iyayen gida a gareji da su koya wa yaransu dalilin kowane juyin noti, ba juyin kaɗai ba, domin yaron da ya fahimci awon mai da iska a kan kafireto ba zai sha wuya ba ranar da sabuwar na'ura ta iso garejinsa.